Darasi: Daskarewar Gaggawa da Ƙirar Cikin Gamin Ƙarfe

Kusan duk ƙarfen da ɗan Adam ke amfani da shi ya taɓa zama ruwa. Rodin gini da tukunyar alminiyum da injin mota da wayar lantarki duk daga narkakken ƙarfe suka fito, wanda aka zuba a mazubi aka bar shi ya daskare. A ɗan lokacin nan na daskarewa ne ƙarfen ke samun da yawa daga cikin halayen da zai zauna da su: ko ya yi tauri ko ya yi laushi, ko ya lanƙwashe in an matsa masa ko ya tsage, ko tsatsa ta ci shi da wuri ko ta daɗe tana fama. Ana iya samun ƙarafa biyu da aka haɗa da sinadarai iri ɗaya, a awo ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗan'uwansa ƙwari, ba don komai ba sai don wancan ya kwashe awa guda yana daskarewa, wannan kuwa ya daskare kafin ƙiftawar ido. Bambancin yana ɓoye ne a ƙirar ciki.

Ƙirar ciki

A ido, ƙarfe abu ne dunƙulalle, sumul. Amma idan aka yanki ɗan guntu, aka goge fuskarsa har ta yi sheƙi, aka ɗiga mata ruwan asid mai rauni, sannan aka sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai a ga ashe ƙananan gutsattsari ne birjik manne da juna. Henry Clifton Sorby, mutumin Sheffield a Ingila, shi ya fara duba ƙarfen sitil ta wannan hanya a shekarun 1860. Kowane gutsure kiristal ne, ma'ana ƙwayoyin zarran da ke cikinsa a jere suke sahu-sahu, bisa tsari ɗaya mai maimaita kansa. Waɗannan gutsattsari su ake kira tsaba. Sahun wannan tsaba ya fuskanci nan, na maƙwabciyarta ya fuskanci can, inda suka haɗu kuma shi ne iyakar tsaba. Girman tsabar da siffarta da abubuwan da suka taru a iyakokinta, su ne ƙirar ciki.

Da maikuromita ake auna waɗannan abubuwa, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kai yakan kama daga maikuromita 50 zuwa 100. Ƙasa da maikuromita akwai nanomita, kashi ɗaya cikin 1,000 nasa, wanda ƙwayoyin zarra uku ko huɗu ne ke cika shi in an jera su.

Ba kasafai ake aiki da ƙarfe zalla ba, domin yawancin ƙarafa suna da laushi in ba a garwaya su da komai ba. Sitil baƙin ƙarfe ne da ɗan kabon. Tagulla jan ƙarfe ne da kuza ko tutiya. Alminiyum ɗin da ake zuba kayan injin da shi yana ɗauke da silikon. Irin wannan haɗi shi ne gamin ƙarfe, kuma a cikinsa ne saurin daskarewa ya fi yin tasiri, domin akwai ƙwayoyin zarra iri biyu ko fiye da dole kowace ta nemi mazauninta kafin ruwan ya sandare.

Abin da ke faruwa idan aka bar ƙarfe ya huce a hankali

A cikin narkakken ƙarfe ƙwayoyin zarra ba su da sahu, yawo suke yi suna gogar juna. Alminiyum na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, jan ƙarfe a 1,085, baƙin ƙarfe a 1,538. Ana iya zaton da zarar zafi ya sauko daidai wannan mataki sai daskarewa ta fara, amma ba haka abin yake ba. Sai an sami iri tukuna, wato 'yan ƙwayoyin zarra da suka taru suka yi sahu, har tarin ya kai girman da ba zai sake wargajewa ba. Kafa irin nan yana da wuya a tsakiyar ruwa mai tsabta, shi ya sa yakan tsiro a jikin bangon mazubi ko a kan wani ɗan datti da ke yawo cikin narkakken. Idan babu wurin kamawa, ruwan na iya sauka ƙasa da matakin daskarewarsa ya ci gaba da zama ruwa. Wannan hali shi ake kira zarcen sanyi. A wajejen 1950 David Turnbull ya nuna a Amurka cewa idan aka raba narkakken ƙarfe zuwa ƙananan ɗigo, waɗanda babu datti a cikinsu na iya zarcewa da nisa mai ban mamaki: jan ƙarfe fiye da digiri 200, baƙin ƙarfe kusan 300. A zubi na yau da kullum kuwa zarcen ba ya wuce 'yan digirori.

Da iri ya kafu sai ya shiga girma. Kowace ƙwayar zarra da ta shiga sahu tana sakin ɗan zafi, kuma tilas zafin nan ya fice ta bangon mazubi kafin wata ta biyo. Saboda haka saurin ficewar zafi shi ke yanke saurin daskarewa. A gamin ƙarfe kiristal ɗin ba ya girma da shafaffen baki. Tsini yake fitarwa, tsinin ya yi rassa, rassan su ma su yi nasu ƙanana, har rassan wannan tsaba su ci karo da na waccan. Tazarar da ke tsakanin ƙananan rassan nan tana da muhimmanci ƙwarai, za a kuma dawo kanta.

Babbar matsalar daskarewa a hankali ita ce wariya. Sandararren ƙarfe ba ya karɓar baƙin ƙwayoyin zarra kamar yadda ruwansa ke karɓa. Narkakken alminiyum na iya shanye silikon mai yawa, amma kiristal ɗinsa ba ya riƙe fiye da kashi 1.65 cikin 100, ko da a digiri 577 inda ya fi karɓa. Baƙin ƙarfe ma ya fi wannan muni, domin abin da kiristal ɗin alminiyum ke riƙewa bai wuce kashi 0.05 cikin 100 ba. Don haka yayin da rassa ke girma sai su riƙa tura rarar gamin zuwa cikin ruwan da ya saura a tsakaninsu. Ruwan yana raguwa, gamin yana taruwa, har a ƙarshe ya daskare a lungunan rassa da iyakokin tsaba a matsayin wani abu dabam. Idan akwai isasshen lokaci, abin nan yakan girma ya zama manyan allurai ko faffaɗan ɓawo masu gautsi. Masu zubin tukwanen alminiyum a biranen Afirka ta Yamma, waɗanda ke narka tsofaffin kayan mota da gwangwanaye su zuba a mazubin yashi, suna haɗuwa da wannan ko da ba su gan shi da ido ba. Baƙin ƙarfen da ya biyo tarkace, ko ya narko daga jikin kaskon narkawa, yana haɗuwa da alminiyum da silikon ya zama irin waɗannan allurai, kuma daga bakinsu ne tsaga ke farawa ranar da tukunya ta faɗi.

Mene ne gaggawa a nan

Ana auna saurin hucewa da yawan digirin da zafi ke sauka a daƙiƙa ɗaya. Ƙaton curin sitil mai nauyin tan da yawa yana hucewa da ƙasa da digiri ɗaya a daƙiƙa, a tsakiyarsa ma ƙasa da haka sosai. Ƙaramin zubi a yashi yana kusa da digiri ɗaya. Zubi a mazubin ƙarfe, musamman wanda ake tura narkakken da ƙarfin inji, yana kai gommai zuwa ɗaruruwa. Masana ba sa kiran abu daskarewar gaggawa sai saurin ya haura dubbai, kuma hanyoyin da suka fi shahara suna kai digiri 1,000,000 a daƙiƙa. A wannan sauri, ƙarfe na sauka da digiri 1,000 cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa.

Ya kamata a bambanta wannan da abin da maƙeri ke yi idan ya fito da jan gatari daga wuta ya tsoma a ruwa. Gatarin bai narke ba, a sandare yake tun farko. Taurin da yake samu ya zo ne daga sauyin sahu a cikin sandararren sitil, kuma wannan wani babi ne. Abin da ya fi kusa da batun nan a tsohuwar sana'a shi ne ƙarfen zubi mai kabon da yawa. In ya huce a hankali, kabon ɗin yakan ware ya zama girafait, irin na bakin fensir, ƙarfen ya fito ruwan toka mai sauƙin yanka. In ya huce da sauri, kabon ba ya samun damar warewa, sai ya haɗu da baƙin ƙarfen ya ba da farin ƙarfe mai tsananin tauri. A 1803 Robert Ransome na garin Ipswich a Ingila ya yi rajistar bakin garma da aka zuba ta yadda fuska ɗaya ta huce da sauri a jikin ƙarfe mai sanyi, ɗayar kuma a hankali. Fuskar mai laushi ta fi saurin cinyewa a ƙasa, don haka bakin garmar ke wasa kansa yayin huɗa. Saurin da ya samu bai kai ko kusa da na yau ba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Sharaɗin samun gaggawa na gaske shi ne rashin kauri. Zafin da ke tsakiyar ƙarfe sai ya ratsa jikinsa kafin ya fita, don haka ba a iya sanyaya abu mai kauri farat ɗaya komai sanyin wajensa. Idan aka rage kauri da rabi, saurin hucewa yakan ninka sau biyu zuwa huɗu. Duk hanyoyin da ake bi dabarun sirantar da narkakken ƙarfe ne.

Ta farko ita ce ta Pol Duwez da ɗalibansa a jami'ar Caltech da ke Kalifoniya, wajejen 1960. Sun riƙa harba ɗigon narkakken ƙarfe da bugun iskar gas, ya fantsama a jikin farantin jan ƙarfe ya zama ɗan ɓawo. An zaɓi jan ƙarfe ne don yana cikin ƙarafan da suka fi saurin janye zafi. Daga baya aka samo hanyar da masana'antu ke iya amfani da ita: a tsiyayo narkakken ta ƙaramar kafa bisa bakin wata gargare ta jan ƙarfe da ke juyawa da gudun kimanin mita 20 zuwa 40 a daƙiƙa. Ƙarfen yana taɓa gargaren sai ya daskare ya fice a matsayin dogon siririn falle mai kaurin maikuromita 20 zuwa 50. Hanya ta uku ita ce feshi: a bugi tsiyayar narkakken da iskar nitirojin ko argon mai ƙarfi, ta tarwatse zuwa ɗigo, su daskare tun suna iska su zubo a matsayin gari. Saurin hucewar garin yakan kama daga dubbai zuwa dubu ɗari na digiri a daƙiƙa, mafi ƙanƙanta su ne mafiya sauri. Ta huɗu kuma ita ce a bi ta kan fuskar ƙarfe da hasken leza, ya narka ɗan siririn sama, sauran jikin ƙarfen mai sanyi ya zuƙe zafin nan take.

Ƙanƙancewar rassa da tsaba

Sakamako na farko, wanda ake gani ko da saurin bai kai ƙololuwa ba, shi ne komai yana ƙanƙancewa. Zarcen sanyi yana ƙaruwa, iri na tsirowa da yawa a lokaci guda, kowane kuma ba ya samun filin girma kafin ya ci karo da maƙwabcinsa. Tazarar ƙananan rassa tana bin wata ƙa'ida da gwaji ya tabbatar a ƙarafa da dama: idan saurin hucewa ya ninka sau 1,000, tazarar takan ragu kimanin sau 10. A gamin alminiyum, a digiri ɗaya cikin daƙiƙa tazarar tana kusa da maikuromita 50. A digiri 1,000 tana kusa da 5. A digiri 1,000,000 tana kusa da rabin maikuromita. Ƙa'idar ta yi ƙarfin da masu bincike ke juya ta: su auna tazarar rassa a madubi, su gano saurin da ƙarfen ya huce.

Amfanin ƙanƙancewa yana fitowa daga yadda ƙarfe ke lanƙwasa. Idan aka matsa wa kiristal, sahunsa ne ke zamewa bisa juna, kuma zamewar tana tafiya har sai ta iso iyakar tsaba, inda sahu ya sauya alƙibla, ta cije. Ƙananan tsaba na nufin iyakoki da yawa, iyakoki da yawa kuma na nufin ƙarin ƙwari. E. O. Hall a 1951 da N. J. Petch a 1953 suka fitar da lissafin wannan: in girman tsaba ya ragu sau huɗu, ƙwarin da iyakoki ke bayarwa yana ninkawa sau biyu, in ya ragu sau 100 yana ninkawa sau 10. Abin da ya sa maƙera na zamani ke ƙaunar wannan hanya shi ne, galibin dabarun ƙara wa ƙarfe ƙwari suna ƙara masa gautsi, ƙanƙanta tsaba kuwa ba kasafai take yin haka ba.

Wariya ma tana raguwa, domin gamin da aka tura gefe bai yi nisa ba. Lokacin da ake buƙata a gasa ƙarfe don gamin ya bazu daidai yana bin ninkin tazarar a kanta, saboda haka rage tazara sau 10 yana rage lokacin gashi sau 100. Misali mafi bayyana shi ne sitil ɗin da ake yin bakin diril da wuƙaƙen yankan ƙarfe da shi, wanda ke ɗauke da tangistin da banadiyam da kabon mai yawa. A babban curi waɗannan sukan taru su zama manyan duwatsu masu gautsi a jere, wuƙar ta riƙa ɓantarewa. A wajejen 1970 kamfanoni a Suwidin da Amurka suka fara fesa wannan sitil ya zama gari sannan su matse shi, sai duwatsun suka koma 'yan maikuromita kaɗan, a baje ko'ina daidai. Haka aka yi da gamin nikel na faifan da ke riƙe fukafukan injin jirgin sama. Haka kuma da alminiyum mai silikon kashi 25 cikin 100, wanda a zubin yau da kullum silikon ɗinsa ke fitowa a manyan ɓaraguzai, amma ta hanyar feshi ya zama abin da aka yi bangon silinda na wasu injinan mota da shi.

Lokacin da gami ya kasa tserewa

Idan aka ƙara sauri, abin yakan wuce ƙanƙancewa ya zama sauyin hali. Bakin daskarewa, wato layin da ke tsakanin ruwa da sandararre, a zubi na yau da kullum yana tafiya ne da ƙasa da milimita ɗaya a daƙiƙa. Baƙuwar ƙwayar zarra da kiristal ba ya so tana da isasshen lokacin gusawa gaba ta koma cikin ruwa. Amma gudun da ƙwayar zarra ke iya yi a cikin narkakken ƙarfe yana da iyaka, 'yan mitoci ne a daƙiƙa. Idan bakin daskarewa ya kusa wannan gudu, sai ya cim mata ya rufe ta a cikin sahu. Michael Aziz ya tsara lissafin wannan kamu a 1982. A irin wannan sauri rassa kan ɓace, su koma ƙananan ɗakuna marasa reshe, daga nan kuma bakin daskarewa ya koma shafaffe, sandararren ya fito da awon gami daidai da na ruwan da ya haife shi.

Duwez ya nuna haka da azurfa da jan ƙarfe. A daskarewa ta hankali kowannensu ba ya karɓar ɗan'uwansa fiye da kashi 8 zuwa 9 cikin 100, sauran sai su rabu gida biyu. Da aka fantsama su a farantin jan ƙarfe sai suka zauna a kiristal ɗaya a kowane awo aka haɗa su. Alminiyum da ba ya riƙe baƙin ƙarfe fiye da kashi 0.05 ya riƙe kashi da dama cikin 100. Howard Jones ya bayyana a 1969 cewa ɓawon alminiyum da baƙin ƙarfe yana da shiyya biyu: wadda ta fi saurin hucewa ba ta nuna komai a madubi na yau da kullum kuma tana da tsananin tauri, ɗayar kuwa tana nuna rassa kuma ta fi laushi nesa ba kusa ba. Ana ganin wannan bambanci a cikin falle ɗaya mai sirantar gashi, tsakanin fuskar da ta taɓa gargare da wadda ta kalli iska.

Ribar kamun nan ita ce, idan aka ɗan gasa ƙarfen daga baya, gamin da aka tsare yakan fito a matsayin ƙananan ƙwayoyi masu girman nanomita gommai, a baje cikin tsaba, suna tare zamewar sahu. Baƙin ƙarfe yana da nawar motsi a cikin alminiyum, don haka ƙwayoyinsa ba sa saurin girma ko da zafi. A shekarun 1980 an yi gamin alminiyum da baƙin ƙarfe da banadiyam da silikon da ke riƙe ƙwarinsa har sama da digiri 300, alhali gamin alminiyum na jiragen sama yakan fara saki tun daga digiri 150 zuwa 200. Abin da ke lalata tukunya a mazubin yashi shi ne ya zama tushen ƙwari a nan.

Wani lokaci kuma ƙwayoyin zarra sukan yi sahu, amma ba wanda aka sani ba. Ranar 8 ga Afrilu 1982, Dan Shechtman, masani daga jami'ar Technion da ke Haifa wanda ke aikin wucin gadi a hukumar ma'aunai ta Amurka, ya duba gamin alminiyum da manganis da aka daskarar da gaggawa a madubin ilektoron. Ya ga alamar tsari mai kusurwa goma, abin da ilimin kiristal na lokacin ya ce ba zai yiwu ba, domin irin wannan tsari ba ya iya maimaita kansa ya cika fili. Ƙwayoyin zarran suna da oda, amma odar ba ta maimaituwa. Sai a 1984 aka buga sakamakon, kuma manyan masana irin su Linus Pauling sun ƙi yarda da shi. Gwaje-gwaje a wasu ƙasashe suka tabbatar da abin, a 1992 ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta sauya ma'anar kiristal, a 2011 kuma aka ba Shechtman kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai.

Gilashin ƙarfe

Matakin ƙarshe shi ne a hana sahu kafuwa gaba ɗaya. Mai yin alewa ya san wannan a aikace: ruwan sukarin da aka dafa aka bari ya huce sannu ana motsawa yakan koma ƙwayoyin sukari, wanda kuwa aka zuba siriri a faranti mai sanyi yakan sandare garau, ya riƙa fashewa kamar kwalba. Sukari da yashin gilashi suna da nawar yin sahu, shi ya sa abin ke da sauƙi a gare su. Ƙwayoyin zarran ƙarfe kuwa suna da saurin jeruwa, har an daɗe ana ganin ba za a iya riga su ba. A 1960 Duwez da ɗalibansa Klement da Willens suka ba da rahoton gamin zinariya kashi 75 da silikon kashi 25, a lissafin ƙwayoyin zarra, wanda ya sandare ba tare da kiristal ba. Ba a banza aka dace da wannan haɗi ba. Zinariya na narkewa a digiri 1,064, silikon a 1,414, amma akwai awon haɗinsu da ke narkewa a 363 kacal. Ruwan da ke jure zama ruwa har zuwa wannan sanyi ya riga ya yi kauri, ƙwayoyinsa sun yi nauyin motsi, tazarar da ta rage a tsallake da gudu kuma gajeriya ce. Gilashin farkon nan bai daɗe ba ya koma kiristal ko a zafin ɗaki, amma ya buɗe ƙofa.

Gilashin ƙarfe ba shi da tsaba, ba shi da iyakoki, ba shi da sahun da zai zame. Saboda haka yana da ƙwari ƙwarai, kuma yana iya miƙewa har kusan kashi 2 cikin 100 ya dawo yadda yake, abin da ya ninka na ƙarafan yau da kullum sau da yawa. Aibinsa shi ne in ya kai iyaka ba ya gargaɗi, duk lanƙwasar takan taru a siririn layi ɗaya ya tsinke. Wannan ya taƙaita amfani da shi a gini da injuna.

Inda ya yi fice shi ne harkar maganaɗisu. A cikin taransifoma, zuciyar ƙarfen tana juya alƙiblar maganaɗisunta da kowane juyin wutar lantarki, dare da rana, ko ana jan wuta ko ba a ja, kuma kowane juyi yana ɓarnatar da ɗan ƙarfi ya zama zafi. Gilashin baƙin ƙarfe da silikon da boron yana juyawa cikin sauƙi don babu iyakokin da za su riƙe shi, ga shi siriri, ga shi yana tauye wutar banza da ke kewaya cikin zuciyar. Kamfanin Allied Chemical na Amurka ya fara sayar da irin wannan falle da sunan Metglas a shekarun 1970. Zuciyar da aka naɗa da shi tana rage wannan asara da kimanin kashi 70 cikin 100 idan aka gwada da sitil mai silikon, ko da yake takan fi girma don ba ta ɗaukar maganaɗisu mai yawa kamar sitil ɗin. Ga ƙasar da wutarta ba ta isa ba, asarar da dubban taransifomomi ke yi shiru a kan turaku ba ƙaramin abu ba ne.

Gilashin kan zama mafari kawai a wasu lokuta. A 1988 Yoshizawa da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi Metals na Japan suka ƙara ɗan jan ƙarfe da niyobiyam a haɗin, suka gasa fallen da gangan, tsaba mai girman nanomita 10 ta tsiro a cikinsa, suka sami abin da ya fi gilashin kansa sauƙin juya maganaɗisu. Haka kuma a farkon shekarun 1980 John Croat da abokansa a General Motors suka samar da maganaɗisu mai ƙarfi na niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron ta hanyar gargare, a daidai lokacin da Masato Sagawa ya samo shi a Japan ta wata hanya dabam. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma Akihisa Inoue a jami'ar Tohoku da William Johnson a Caltech suka gano haɗe-haɗe masu sinadarai uku zuwa biyar, masu ƙwayoyin zarra manya da ƙanana da ke rikita juna wajen jeruwa. Wani haɗin zirkoniyam na Caltech yana zama gilashi ko a saurin digiri ɗaya zuwa goma a daƙiƙa, har a zuba shi da kaurin santimita.

Kauri da zafi

Matsala biyu ke bin wannan fasaha tun farkonta. Ta farko, abin da take bayarwa falle ne ko gari, injiniya kuwa dunƙulallen abu yake so. Ta biyu, duk ƙirar da gaggawa ta samar ba zaunanniya ba ce. An tsare ƙwayoyin zarra ne a inda ba su zaɓa ba, kuma da zarar zafi ya ba su damar motsi sai su nufi inda daskarewa ta hankali za ta kai su: gilashi ya koma kiristal, gamin da aka kama ya fito, ƙananan ƙwayoyi su haɗe su girma. Gilashin taransifoma yana komawa kiristal a kusa da digiri 500. Matsalolin biyu kuma suna cin karo, domin haɗa gari ya zama dunƙule yana buƙatar matsi da zafi, ko dai a tura shi ta kafa yana da zafi, ko a matse shi ta kowane gefe cikin tukunyar gas. In zafin ya yi kaɗan garin ba ya kamawa, musamman na alminiyum da kowace ƙwayarsa ke lulluɓe da ɓawon tsatsarsa. In ya yi yawa an rasa abin da aka sha wahalar samu. Wannan, haɗe da tsada, shi ya sa gamin alminiyum mai jure zafi bai yaɗu yadda aka yi fata ba.

Na'urorin da ke gina kayan ƙarfe falle bisa falle sun ba da wata mafita. Ana shimfiɗa gari mai kaurin maikuromita 20 zuwa 60, leza ta narka inda ake so, a sake shimfiɗa wani. Kowane ɗan tafkin narkakke yana hucewa da digiri 100,000 zuwa 1,000,000 a daƙiƙa, amma abin da ke fitowa a ƙarshe dunƙulalle ne. Alminiyum mai silikon kashi 10 cikin 100 da aka gina haka yana nuna ƙananan ɗakuna da ba su kai maikuromita ɗaya ba, kowane kewaye da ragar silikon, kuma ya fi na zubi ƙwari. Sai dai zafi na sauka ne ta ƙasa kullum, don haka tsaba kan miƙe dogo-dogo ta ratsa falle da yawa, ƙwarin kayan ya bambanta tsakanin tsaye da kwance. Wasu haɗe-haɗen, irin alminiyum mai tutiya na jiragen sama, sukan tsage a tsakanin dogayen tsabar nan tun suna daskarewa. A 2017 masu bincike a HRL Laboratories da ke Kalifoniya suka nuna cewa lulluɓe garin da ƙananan ƙwayoyi masu zirkoniyam yana samar da iri da yawa, tsabar ta fito ƙanana masu daidaiton gefe, tsagar ta ɓace. Hucewar gaggawa tana kuma barin ɗaurewa a jikin kayan, wadda ke iya karkatar da shi idan aka yanke shi daga farantin da aka gina shi a kai. Akan gasa shi a kusa da digiri 300 don ɗaurewar ta saki, amma gashin yana tsinka ragar silikon ta koma ƙwayoyi a warwatse, ƙwari ya ragu, miƙuwa ta ƙaru. Injiniya kan zaɓi zafin gashin da tsawonsa gwargwadon wanda aikin kayan ya fi buƙata a cikin biyun.